Masanin ƙididdiga mai shakkar alƙaluma: sharhi a kan rayuwa da rubuce-rubucen G. Udny Yule (1871-1951)

0. Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa ƙirga kalmomin wani matani, ko ya taɓa neman dangantaka tsakanin jerin alƙaluma biyu, ya yi aiki da kayan George Udny Yule ko da bai san sunansa ba. Masu nazarin harshe da suka yi karatu da faransanci sun fi cin karo da shi a littattafan Pierre Guiraud da Charles Muller, inda ake ambaton «K na Yule» cikin dabarun awon kalmomi. Masana tattalin arziki kuwa sun san shi ta wajen jerin alƙaluman shekara-shekara, likitoci kuma ta wajen jadawalin masu ciwo da masu warkewa. Kowane sashe ya ɗauki abin da ya shafe shi ya bar saura, ba kasafai ake karanta mutumin gaba ɗayansa ba.

A cikin wannan takarda za mu bi manyan rubuce-rubucensa bi da bi, mu auna su da ma'aunin da shi kansa ya kafa. Ra'ayin da muke son karewa shi ne: ayyukan Yule mafi inganci su ne waɗanda a cikinsu ya tsaya ya tambayi yadda aka yi alƙalami ya fito, masu rauni kuwa su ne guda biyu da ya nemi alƙaluma su yanke masa hukunci, ɗaya a farkon aikinsa (1899), ɗaya a ƙarshe (1944). Batun ya shafe mu kai tsaye, domin a yau kwamfuta tana ba ɗalibi cikin daƙiƙa guda lissafin da Yule yakan yi watanni yana yi da hannu, amma ba ta ba shi shakkar da ta raka wannan lissafi.

1. Taƙaitaccen tarihinsa

An haifi Yule ran 18 ga Fabrairu 1871 kusa da garin Haddington a ƙasar Sikotilan. Mahaifinsa ya yi aikin mulki a Indiya, baffansa kuma, Henry Yule, shi ne ya fassara tafiye-tafiyen Marko Polo da turanci, ya kuma yi tarayya wajen tsara ƙamus ɗin kalmomin Indiya da suka shiga turancin Ingilishi (1886). Ke nan son kalmomi da tsofaffin littattafai abu ne da ya tarar a gida.

Yana da shekara 16 ya shiga kwalejin jami'a ta Landan don koyon injiniyanci. Bayan ya yi aiki a masana'anta, a 1892 ya tafi Bon ta ƙasar Jamus ya yi shekara guda wajen Heinrich Hertz yana bincike a kan igiyoyin lantarki. A 1893 Karl Pearson, wanda ya koyar da shi lissafi, ya kira shi ya zama mataimakinsa, daidai lokacin da Pearson yake aza harsashin ilimin ƙididdiga na zamani. A 1899 ya bar koyarwa ya kama aikin ofis a wata hukumar jarrabawa, amma bai bar bincike ba. Laccocin da ya riƙa bayarwa daga 1902 zuwa 1909 su ne suka zama littafinsa, An Introduction to the Theory of Statistics (1911), wanda ya kai bugu na 14 a 1950; daga bugun 1937 Maurice Kendall ya shigo suka yi aikin tare. A 1912 Jami'ar Kambirij ta ɗauke shi malamin ƙididdiga. Lokacin yaƙin duniya na farko ya yi aiki a ma'aikatar yaƙi da ta abinci. Ya shugabanci ƙungiyar masana ƙididdiga ta Ingila daga 1924 zuwa 1926. Yana dab da shekara 60 ya koyi tuƙin jirgin sama, amma ciwon zuciya ya kama shi a 1931 ya zaunar da shi. A wannan zaman ne ya koma ga latinanci da ƙidayar kalmomi. Ya rasu a Kambirij ran 26 ga Yuni 1951.

Abu guda ya kamata a riƙe daga wannan tarihi: Yule ya zo ga ƙididdiga daga ɗakin gwaje-gwaje. Wanda ya saba da na'ura ya san allura takan motsa saboda abin da ake aunawa, takan kuma motsa saboda aibun na'urar kanta. Wannan tarbiyya tana bayyana a kusan duk abin da ya rubuta.

2. Binciken talauci (1895-1899)

Dokar gajiyayyu ta Ingila ta 1834 ta raba ƙasar gunduma-gunduma, kusan 600. Kowace gunduma tana da hanya biyu ta taimakon matalauta: ko a shigar da mutum gidan gajiyayyu, inda rayuwa take da tsanani da gangan, ko a ba shi taimako yana zaune a gidansa. An daɗe ana gardama a kan ko taimakon gida yana ƙara yawan masu dogaro da hukuma. Charles Booth ya ce a 1894 bai ga wata dangantaka tsakanin abubuwan biyu ba. Yule ya mayar masa da martani a 1895, sannan a 1899 ya fitar da babban bincikensa.

Ya ɗauki ƙidayar jama'a ta 1871, 1881 da 1891, ya raba gundumomin kashi huɗu (ƙauye, gauraye, birni, da Landan), ya nemi yadda canjin yawan masu karɓar taimako yake bin canjin abubuwa uku: rabon taimakon gida, rabon tsofaffi, da yawan jama'a. Dabarar da ya yi amfani da ita, wadda ake kira régression multiple da faransanci, tana ƙoƙarin ware tasirin kowane abu ɗaya alhali an tsayar da sauran. Masu ilimin taurari sun daɗe da sanin lissafinta. Gudunmawar Yule, tun takardarsa ta 1897, ita ce nuna cewa ana iya aiki da ita a kan al'amuran jama'a ba tare da an ɗauka alƙaluman suna bin rarrabuwar nan mai siffar ƙararrawa ba. A gundumomin Landan 32, tsakanin 1871 da 1881, ya sami 0,755 a matsayin nauyin taimakon gida, ya kammala cewa yadda ake gudanar da taimako shi ne babban abin da yake sauya yawan gajiyayyu.

Ta fuskar dabara wannan aiki ya buɗe hanya. Har yau da irin wannan lissafi ake auna tasirin manufofin gwamnati. Ta fuskar hujja kuwa yana da ramuka uku. Na farko, abin da ya ƙirga shi ne masu karɓar taimako, wato adadin da ke cikin rajistar hukuma. In gunduma ta ce ba taimako sai a gidan gajiyayyu, mutane da yawa za su gwammace yunwa da shiga, sai adadin rajista ya ragu alhali talauci yana nan. Na biyu, ana iya juya kibiyar: gundumar da talauci ya yi wa yawa, gidan gajiyayyunta ya cika, dole ta koma ba da taimako a gida. Na uku, gundumar da ke da shugabanni masu ƙwazo tana iya gina gidan gajiyayyu ta kuma rage talauci ta wasu hanyoyi, sai abubuwan biyu su tafi tare ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba. David Freedman ya yi amfani da wannan takarda ta Yule wajen koya wa ɗalibai irin waɗannan ramuka a littafinsa na 2005.

Abin lura shi ne Yule ya hango matsalar. A wani ɗan bayani na ƙasan shafi ya gargaɗi mai karatu cewa inda ya rubuta cewa abu kaza ne ya jawo, a fahimta cewa tare suke tafiya kawai. Sai dai sunan takardar yana maganar dalilai, kammalawarta ma haka. Gargaɗin yana ƙasan shafi, hukuncin yana sama. Wanda ke neman hujjar hana talaka taimako kuwa ba ya sauka ƙasan shafi.

3. Jadawali mai gida huɗu da rigimarsa da Pearson (1900-1913)

Abubuwa da yawa ba a auna su da mudu ko sikeli, ana cewa ne kawai akwai ko babu: an yi wa mutum lambar agana ko ba a yi masa ba, ya rayu ko ya mutu. A 1900 Yule ya fito da ma'aunin dangantaka na irin wannan jadawali mai gida huɗu, ya sa masa suna Q don girmama Quetelet. In gidajen su ne a, b, c, d, to Q shi ne (ad - bc) a raba da (ad + bc).

Pearson yana da nasa ma'auni, wanda ya ginu a kan zaton cewa a ƙarƙashin kowace rabuwa biyu akwai wata sifa ɓoyayya mai hawa-hawa da ke bin siffar ƙararrawa. Yule ya ƙi wannan zato. Hujjarsa a 1912 mai sauƙi ce: waɗanda agana ta kashe duk mutuwarsu ɗaya ce, babu wanda ya fi wani mutuwa, don haka babu dalilin ƙirƙiro wani tsani da ba wanda ya gani. A 1913 Pearson da David Heron suka mayar da martani mai zafi, shafi sama da ɗari, a mujallar Biometrika, abotar malami da ɗalibi ta yi rauni. Masanin tarihin kimiyya Donald MacKenzie ya nuna a 1981 cewa rigimar ta wuce lissafi: Pearson yana bukatar ma'aunin da zai ba shi damar kwatanta gadon hankali da gadon tsawo, saboda aƙidarsa ta gyaran irin ɗan Adam (eugénisme), aƙidar da Yule bai amince da ita ba. Zargin da Pearson ya yi cewa Q yakan canza idan aka sauya wurin yanka sifa mai hawa-hawa gaskiya ne, kuma ma'aunin Pearson yana da amfani har yau a awon halayyar ɗan Adam. Amma hanyar da likitoci suka bi daga baya wajen nazarin irin wannan jadawali ta fi kusa da ta Yule.

Mafi muhimmanci a wannan zango shi ne takardarsa ta 1903, inda ya nuna cewa haɗa rukuni biyu yana iya haifar da dangantakar da babu ita a kowane ɗayansu. Ga misali da muka tsara don bayani. A ce wani magani ba ya yin komai. Cikin matasa 100, kashi 80 bisa ɗari suna warkewa ko sun sha ko ba su sha ba. 80 suka sha (64 suka warke), 20 ba su sha ba (16 suka warke). Cikin tsofaffi 100, kashi 30 bisa ɗari ne ke warkewa. 20 suka sha (6 suka warke), 80 ba su sha ba (24 suka warke). In aka haɗa: cikin 100 da suka sha, 70 sun warke, cikin 100 da ba su sha ba, 40 kacal. Jadawalin haɗe yana yabon maganin da bai warkar da kowa ba. Wannan shi ne abin da aka fi sani da sunan E. H. Simpson, wanda ya sake tattauna shi a 1951, shekara 48 bayan Yule. A nan Yule ya ba da makamin da ya fi kowane kaifi wajen sukar takardarsa ta 1899.

4. Dangantakar banza da lilon rana (1926-1927)

A ganinmu nan ne ƙololuwar aikinsa. A jawabinsa na shugaban ƙungiya, wanda aka buga a 1926, ya kawo jeri biyu na Ingila da Wales daga 1866 zuwa 1911: rabon auren da aka ɗaura a cocin Ingila, da yawan mace-mace. Ma'aunin dangantakarsu ya kai 0,9512, alhali iyakar ma'aunin 1 ne. In aka bi ƙa'idar gwajin da ake koyarwa, ba zai yiwu a ce dace ne ba. Duk da haka ba mai hankalin da zai ce raguwar aure a coci ce take ƙara tsawon rai.

Kowa yana iya cewa wannan shirme ne ya wuce. Yule ya tambayi dalilin da ya sa shirmen yake fitowa a kai a kai. Ya ɗauki katin karta ya riƙa zara yana rubuta lambobi, ya sami jeri na dace tsantsa. Sannan ya tara lambobin ɗaya bisa ɗaya, yadda kowane adadi zai zama na jiya da ɗan ƙari ko ragi, ya auna dangantaka tsakanin irin waɗannan jeri da ba abin da ya haɗa su. Ya tarar ma'aunin ya daina taruwa kusa da sifiri, ya bazu ko'ina. Da ya sake tarawa karo na biyu, sai mafi yawan sakamakon ya koma kusa da +1 ko -1. Dalili kuwa shi ne ƙa'idar gwajin tana ɗauka kowace shekara shaida ce mai zaman kanta, alhali a jerin da bana take gadon bara, shekara 46 ba shaidu 46 ba ne. Kusan shaida ɗaya ce take maimaita maganarta.

Misalin bai yi nisa da mu ba. Ruwan sama a Sahel ya yi ta raguwa daga shekarun 1950 masu damina zuwa farin 1973 da na 1984, a daidai lokacin da yawan ƴan makaranta yake hawa. Duk wanda ya jera alƙaluman biyu zai sami dangantaka mai ƙarfi, kuma kwamfuta za ta sa mata tauraro. Masana tattalin arziki sun yi kusan rabin ƙarni ba su ɗauki gargaɗin Yule da muhimmanci ba, sai da Clive Granger da Paul Newbold suka sake nuna shi a 1974. Aikin da Granger ya gina a kan wannan matsala yana cikin abin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2003.

Takardar 1927 ta ɗauki alƙaluman tabon rana daga 1749 zuwa 1924, waɗanda suke hawa da sauka kusan kowace shekara 11, amma ba daidai wa daida ba. Magabatansa sun ɗauka akwai zagaye tsayayye a ɓoye, kuskuren awo ne kawai yake rufe shi. Yule ya kawo wani kwatanci: abu ne aka rataya yana lilo a ɗaki, sai yara suka shigo suna harbinsa da ƙwayoyin wake ta ko'ina. A nan bugun yana shiga cikin motsin kansa, lilon ya ci gaba daga inda bugu ya bar shi, don haka tsawon zagaye da ƙarfinsa suna ta sauyawa. A lissafi, adadin bana ya dogara da na bara da na bara waccan, da kuma sabon bugu. Wannan tsari, wanda Gilbert Walker ya faɗaɗa a 1931, shi ne tushen hanyoyin hasashe da dama da ake aiki da su. A takardun biyu ɗalibin Hertz ne yake magana: kafin ya yarda da adadi, sai ya gina injin da zai iya haifar da shi ya ga abin da injin yake yi.

5. Ƙidayar kalmomi (1939-1944)

Littafin latinanci De Imitatione Christi, na farkon ƙarni na 15, an daɗe ana jayayya a kan marubucinsa. Mafi yawa sun ce Thomas à Kempis ne (ya rasu 1471), wasu kuma, musamman a Faransa, sun ce Jean Gerson (1363-1429), shugaban Jami'ar Paris. Yule yana ƙaunar littafin, ya kuma ɗauki jayayyar a matsayin filin gwaji.

A 1939 ya fara da tsawon jimla. Ya ƙirga kalmomin jimlolin Bacon, Coleridge, Lamb da Macaulay, ya nuna kowane marubuci yana da matsakaicin da ba ya nisa da shi, sannan ya tarar jimlolin littafin gajeru ne kamar na Kempis, na Gerson kuwa sun fi tsawo. A littafinsa na 1944, The Statistical Study of Literary Vocabulary, ya koma ga kalmomi. Ya zaɓi sunaye kaɗai, ya ɗebi kimanin 8.200 daga kowane ɓangare uku, yana rubuta kowace kalma a kati da hannunsa. Matsalar da ya fuskanta ta gaske ce: yawan kalmomi mabambanta yana ƙaruwa da tsawon matani, don haka ba a iya kwatanta gajeren littafi da dogo kai tsaye. Ya nemi adadin da tsawo ba ya canza shi, ya sami K. In S1 shi ne jimillar sunayen da aka ƙirga, S2 kuma jimillar da ake samu bayan an ninka yawan fitowar kowace kalma da kansa, to K shi ne 10.000 sau (S2 - S1) a raba da S1 sau S1. Ma'anarsa a sauƙaƙe: in aka zari suna biyu da ka daga matanin sau dubu goma, sau nawa za su zama kalma ɗaya? K babba yana nufin marubuci mai yawan maimaitawa.

Ta fuskar lissafi K abu ne mai kyau. Ma'aunin bambancin halittu da Simpson ya fitar a 1949 ɗan'uwansa ne na jini, kuma binciken Fiona Tweedie da Harald Baayen na 1998 ya nuna yana cikin ma'aunai ƙalilan da tsawon matani ba ya girgiza su sosai. Ta fuskar gano marubuci kuwa ga abin da ya fito: kusan 84 ga littafin da ake jayayya a kai, kusan 60 ga sauran rubutun Kempis, kusan 36 ga Gerson. Gaskiya ne 84 ya fi kusa da 60. Amma tazarar da ke tsakanin littafin da Kempis daidai take da wadda ke tsakanin Kempis da Gerson. Iyakar abin da adadin yake iya faɗa shi ne Gerson ya fi nisa. Bai ce Kempis ne ba, bai kuma kore mutum na uku ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Suna shi ne ajin kalmar da ya fi bin maudu'i. Littafin ibada yana juyawa ne a kan kalmomi kaɗan, Allah, zuciya, alheri, duniya, alhali malamin jami'a mai rubutu a kan fannoni da yawa dole sunayensa su yawaita. Ke nan K yana iya auna nau'in rubutu a ɗauka marubuci ya auna. Wannan ita ce matsalar 1903 da sabuwar riga: abu na uku yana tsakani. Yule ya ga haɗarin, ya ƙara wasu gwaje-gwaje na kwatanta kalmomin da ɓangarorin suka yi tarayya a kai, ya kuma yi taka-tsantsan a lafazinsa. Amma duk gwaje-gwajen a kan sunaye suke, don haka aibi ɗaya ne yake bin su. Sai a 1964 Frederick Mosteller da David Wallace, a bincikensu na takardun Federalist na Amurka, suka nuna cewa ƙananan kalmomi irin su mahaɗai, waɗanda marubuci ba ya lura da su kuma maudu'i bai cika taɓa su ba, sun fi tona asirin hannu. Masana a yau sun fi karkata ga Kempis, amma hujjarsu mafi ƙarfi ta rubutattun kwafe-kwafe ce da shaidar mutanen zamaninsa. Yule ya faɗa kan amsar da ake ganin ita ce daidai, da hujjar da ba ta kai ƙarfin amsar ba.

6. Abin da mai nazarin Hausa zai ɗauka

Jarabar amfani da K a kan matanin Hausa tana da ƙarfi, domin muna da jayayya irin ta Kempis da Gerson. Waƙoƙin Hausa da dama da ake jingina wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo fassara ce daga fulatanci da ƴaƴansa, Nana Asma'u da Isa, suka yi, kuma rubuce-rubucen ajami da ke ajiye a Yamai da sauran wurare sun bi ta hannun masu kwafi da yawa. Kafin a ƙirga komai akwai tambayoyi uku.

Ta farko: mece ce kalma ɗaya? Rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka kwamfuta za ta haɗa «gari» na zama da «gari» na tuwo, ta haɗa «wuya» na jiki da «wuya» ta wahala, ta kuma raba «gida», «gidan» da «gidaje» gida uku. Kowane zaɓi yana motsa K, kuma sai an bi ƙa'ida ɗaya a duk matanin da ake kwatantawa. Ta biyu: jimlar wa ake aunawa? Tsohon rubutun ajami ba ya ɗauke da aya da waƙafi irin na boko. Wanda ya mayar da shi boko shi ne ya yanka jimlolin, don haka tsawon jimla yana iya zama nasa. Ta uku: a waƙar wa'azi, amsa-amo da ma'aunin baiti da maudu'i su ne suke zaɓar kalmomi da yawa kafin mawaƙi ya zaɓa. In za a gwada, a kwatanta wa'azi da wa'azi, madahu da madahu, a kuma fara da ƙananan kalmomi irin su dai, kuwa, fa, ma, ko da yake su ma ma'aunin baiti yakan jawo su. Sannan, bisa koyarwar 1926, a fara gwada dabarar a kan waƙoƙin da aka tabbatar da mawallafansu, a ga sau nawa take kuskure, kafin a kai ta ga wadda ake shakka.

7. Kammalawa

Yule bai kafa makaranta ba kamar Pearson, bai kuma gina babban tsari ba kamar Ronald Fisher, wanda hanyoyinsa suka mamaye fagen tun daga shekarun 1920. Littafinsa na 1911 ma sai da Kendall ya sa hannu kafin ya ɗauki sababbin hanyoyin. Abin da ya bari shi ne takardu ƴan kaɗan da kowacce ta buɗe fage, da kuma ɗabi'ar tuhumar adadi tun kafin a yi murna da shi. Mun ga cewa shi kansa bai riƙe wannan ɗabi'a daidai a ko'ina ba: a 1899 da 1944, inda yake da amsar da yake so, shakkarsa ta koma gefe. Wannan bai rage darajar takardun 1903, 1926 da 1927 ba, hasali ma da su ne muka auna sauran.

Shawararmu ga masu koyar da dabarun bincike ita ce a sa ɗalibai su karanta takardar 1926 kafin a nuna musu yadda ake latsa maɓallin lissafin dangantaka, a kuma ba su katin karta su maimaita gwajin da hannunsu. Ga mai rubuta kundin digiri kuwa, duk gargaɗin da ya san ya shafi sakamakonsa, ya sa shi cikin kammalawa, inda mai yanke shawara zai gan shi.